Idan Kwamfuta Ta Ɓace A Hannun Mai Gyara, Wa Zai Biya, Kuma Nawa?

Jawabin da Sakataren Ƙungiya ya gabatar a taron magidanta da aka yi a Azuba



 Shugabanni sun ɗora mini nauyin in yi bayani a kan wata matsala da ke yawan zuwa gaban ƙungiya, wato kayan da ke salwanta a wurin gyara, musamman kwamfuta. Abin da zan faɗa ba ra'ayina ba ne ni kaɗai, yana nan cikin dokar ƙasa, yana kuma cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure.

A da kwamfuta kayan ofis ce, talaka ba ruwansa da ita. Amma tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Lafia a 2011, sannan hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, sai ta shigo gidajenmu. Akwai magidanta a cikin wannan taro da suka sayar da riɗi ko doya, wasu suka fitar da akuya, domin su saya wa yaro ko yarinya kwamfutar nan ta hannu da suke kira laftof. Ranar da ta ƙi tashi, sai a hau mota a kai ta cikin gari wurin mai gyara. Sauran labarin kun san shi. A ce maka ka dawo jibi. Ka dawo, a ce mako mai zuwa. Bayan wata biyu sai a ja ka gefe a ce ɓarayi sun fasa shago, ko yaron shago ya gudu da ita, ko an aika da ita Abuja ba ta dawo ba. Daga nan sai a rufe da cewa Allah ne ya ƙaddara, a yi haƙuri. To, ƙaddara gaskiya ce, duk mun yi imani da ita, amma ba ta shafe haƙƙin wani da ke wuyan wani.

Bari in fara da abin da malamai suka ce, domin shi ne mafi kusa da mu. A mazhabar Imamu Malik an bambanta tsakanin mai ajiya da mai sana'a. Idan za ka yi tafiya ka bar wa maƙwabcinka akwatinka ya ajiye maka, shi amintacce ne. Idan akwatin ya ɓace ba tare da sakacinsa ba, ba zai biya ba, kuma maganarsa ake karɓa. Amma wanda ya buɗe shago ya ce wa jama'a ku kawo in yi muku aiki, kamar tela, ko marini, ko maƙeri, hukuncinsa daban ne. Shi yana lamunin duk abin da ya karɓa ya shige da shi inda mai kaya ba ya gani, ko da kyauta zai yi aikin. Wannan hukunci yana cikin Risala, kuma Muhtasar ya ƙara fayyace shi: sai dai idan an sami shaidu da suka tabbatar cewa kayan sun halaka ba da hannunsa ko sakacinsa ba, kuma ko da ya gindaya sharaɗi tun farko cewa ba ruwansa in kaya sun ɓace, sharaɗin ba ya aiki. Dalilin malamai kuwa a fili yake. Jama'a ba su da makawa sai sun kai kayansu wurin masu sana'a, in da za a ce duk wanda ya ce "ta ɓace" a yarda da shi, da dukiyar mutane ta ƙare. An rubuta wannan tun ana maganar zane da takobi, amma mai gyaran kwamfuta bai fita daga ciki ba. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Dokar da kotunan gwamnati ke aiki da ita, wadda muka gada daga Ingila, ita ma kusan wuri ɗaya suka sauka. Wanda ya karɓi kayanka a hannunsa domin ya yi maka aiki a biya shi, wajibi ne ya tsare su kamar yadda mai hankali zai tsare, ya kuma mayar maka da su. Idan ya kasa mayarwa, ba kai ne za ka kawo hujjar ya yi sakaci ba. Shi ne zai gamsar da alƙali cewa bai yi ba. Ku riƙe wannan da kyau, domin yawancin mutanenmu sun ɗauka akasin haka ne. Kai abin da ke kanka kawai shi ne ka tabbatar ka ba shi kayan, kuma bai dawo maka da su ba. Daga nan nauyin ya koma kansa: wane irin kwaɗo ke ƙofar shagon, akwai mai gadi ko babu, ya kai rahoto ga 'yan sanda washegari ko bai kai ba, kuma me ya sa ɓarayin suka kwashe kayan mutane suka bar nasa?

Maganar "yarona ne ya gudu da ita" kuwa, an daɗe da yanke hukunci a kanta. A 1965 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta saurari ƙarar wata mata da ta ba da mayafinta mai tsada na gashin dabba a wanke mata. Wanda ta ba shi, da yardarta, ya miƙa wa wani kamfanin wanki mai suna C. W. Martin, sai ma'aikacin da aka danƙa wa aikin ya sace mayafin. Kamfanin ya ce ai ba shi ya aike shi sata ba. Kotu ta ce a'a, tun da ku kuka sa kayan a hannunsa, ku za ku biya. Saboda haka mai shagon da ya bar kwamfutarka a hannun yaronsa ba zai tura ka neman yaron ba. Haka nan idan ya aika da ita Banex a Abuja, ko kasuwar Farm Centre a Kano, ba tare da ya tambaye ka ba, to ya ƙara wa kansa nauyi ne. Kai shi ka sani, shi za ka riƙe, shi kuma ya je ya nemi wanda ya ba.

Na san wani zai ce to ina labarin rubutun nan da ake mannawa a bangon shago, cewa duk kayan da aka bari, mai su ne ya ɗauki kasada? A nan akwai shari'ar da ya kamata mu sani, domin masu shago da suka ji labarinta rabi da rabi suna fakewa da ita. A watan Disamba na 1986 Mai Shari'a K. O. Anyah ya sauka a otal ɗin Imo Concorde da ke Owerri, ya ajiye motarsa Peugeot 505 a harabar otal, gari ya waye babu mota. Ya kai ƙara, magana ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, wadda a 2002 ta yanke cewa otal ɗin ba zai biya ba. Amma ku lura da yadda abin yake. Shi da kansa ya ajiye motar, ya kulle ta, ya tafi da makullinsa, wato bai danƙa ta a hannun kowa ba, wurin ajiyewa kawai aka ba shi. Wannan ya yi kama da mai babur da ya jingine babur ɗinsa a ƙofar shagonka ya shiga kasuwa. Bai yi kama da wanda ya miƙa maka kwamfuta hannu da hannu, ka karɓa, ka sa a cikin durowarka, ka ce ya dawo jibi ba.

Bugu da ƙari, yanzu akwai dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta gaji tsohuwar hukumar CPC. Sashe na 130 na wannan doka ya ce wanda aka yi yarjejeniyar yi masa aiki yana da haƙƙin a gama masa a kan lokaci, a sanar da shi in za a yi jinkiri, kuma a mayar masa da kayansa cikin yanayin da bai gaza wanda ya kawo su ba. Dokar ta kuma ce duk sharaɗin da zai rage wa ɗan kasuwa alhaki, sai an jawo hankalin mai kaya gare shi ɓaro-ɓaro kafin a ƙulla ciniki, sannan ta hana sharaɗin da zai ƙwace wa mutum haƙƙin da ita dokar ta ba shi. To ina ga rubutun Turanci da aka manna a bayan ƙofa, ga dattijon da bai iya karanta shi ba, ba kuma wanda ya karanta masa?

Yanzu sai mu zo inda aka fi rigima, wato nawa za a biya. A nan ne zumunci ke lalacewa, domin kowane ɓangare yana da nasa lissafin son kai. Mai kaya ya ce sabuwa fil a leda yake so. Mai gyara ya ce ai tsohuwa ce, ma ba ta aiki aka kawo ta, ga dubu ashirin a rage zafi. Duka biyu ba adalci ba ne. Ma'aunin da shari'a ta sani shi ne a mayar da mutum inda yake kafin asarar, kada ya ci riba, kada kuma ya faɗi. Wato ƙimar irin wannan kwamfuta, mai irin wannan ƙarfi da irin waɗannan shekaru, a kasuwa. Idan tokumbo ce aka saya, farashin tokumbo za a duba. Tun da kuma da lalura aka kawo ta, sai a cire abin da gyaran zai ci in ba a riga an biya ba. In an biya kuɗin gyara, sai a dawo da su.

Amma akwai wani tarko da nake so iyaye su gane, shi ne tarkon tsohon rasit. Kafin watan Yuni na 2023 dalar Amurka a farashin gwamnati wajen naira 460 take. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Kwamfuta kuwa yawanci daga waje ake shigo da ita. Alal misali, a ce ka saya wa ɗanka a 2021 a kan naira 120,000, ta ɓace a wurin gyara bara. Idan mai shago ya ce kawo rasit in biya ka abin da ka saya, har ma in rage kuɗin tsufa, zai yi kama da mai adalci, alhali kuɗin da zai ba ka ba za su sayo irinta ba. Rasit hujja ce ta cewa kayan naka ne da kuma irinsu, ba shi ne ma'aunin diyya ba. A fiƙihun Malikiyya ana duba ƙimar kaya a ranar da aka miƙa su ga mai sana'a. A kotun gwamnati kuwa, idan ƙarar ta riƙe kaya ce da ƙin mayarwa bayan an nema, ana duba ƙimarsu a ranar yanke hukunci. Ko wanne aka bi, babu wanda ya ce a koma farashin ranar saye. Ni a ganina hanyar da ta fi sauƙi ita ce a bar maganar kuɗi, a tashi mutum biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, su shiga shaguna uku su tambayi farashin irinta, ko kuma mai gyara ya nemo irinta ya kawo, a kunna a gaban shaidu, mai kaya ya gamsu. Shi ya fi kowa sanin inda ake samunta da araha.

Sai abin da ke cikin kwamfutar, wanda sau da yawa ya fi ita kanta daraja. Ɗalibin da ke ajin ƙarshe ya rubuta furojet ɗinsa na wata shida a ciki. Mai shagon buga takardu ya rasa abin neman abincinsa na wata biyu. Ana iya neman diyyar irin wannan asara, amma kotu ba ta karɓar ta da baki, sai an lissafa ta ɗaya bayan ɗaya an kawo hujja: rasit na kuɗin da aka kashe wajen sake buga aikin, kuɗin hayar wata kwamfutar, littafin cinikin da ke nuna abin da ake samu a rana. Hotunan biki da na iyayen da suka rasu kuwa, babu alƙalin da zai iya dawo da su. Shi ya sa nake roƙon matasa, kafin a kai gyara a kwafe komai a filash, a fita daga akwatin saƙonni da manhajar banki. Idan kwamfuta ta riga ta mutu ba ta kunnuwa, a ce wa mai gyara ya cire ma'ajiyar bayananta ya ba ka a hannu in gyaran bai shafe ta ba. Idan kuma ta ɓace da hoton katin NIN ko lambar BVN a ciki, a ranar da ka ji labari ka sauya kalmomin sirri ka sanar da bankinka, kada ka jira a gama sulhu.

Wuce gona da iri ma ba namu kaɗai ba ne. A 2007 wata mata a birnin Washinton na Amurka ta kai kamfanin Best Buy ƙara a kan kwamfutarta da ta ɓace a wurin gyara, wadda kuɗinta bai wuce dala dubu ɗaya da 'yan kai ba, ta nemi dala miliyan 54. Ita da bakinta ta ce ba ta sa ran samun kuɗin, ta ambace su ne domin duniya ta ji, saboda watannin da aka yi ana yi mata yawo da hankali ba a gaya mata gaskiya ba. Adadin ma ta aro shi ne daga wani alƙali a wannan birni da ya nemi dala miliyan 54 daga masu wanki da guga a kan wando guda, ya kuma faɗi ƙarar a shekarar. Na kawo wannan ne saboda masu gyara da ke cikinmu, domin da yawa daga 'ya'yanmu su ne masu gyaran waya da kwamfuta, ga teloli, ga masu wanki da guga, ga makanikai. Abin da ke tunzura mai kaya ba ɓatan ba ne kawai, ƙaryar "dawo gobe" ce. Ranar da abu ya ɓace a hannunka, ranar za ka kira mai shi, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda ka karɓi takarda, ka zo da tayin yadda za ka biya, ko da kaɗan-kaɗan ne. Kuma kada ka ce ai na kira shi ya zo ya ɗauka bai zo ba. A wurin malamai kira kaɗai ba ya sauke lamuni, sai ka gama aikin ka gabatar masa, ya biya, shi da kansa ya bar maka, sannan kayan su koma hukuncin ajiya.

To, idan abin ya faru, ina za a bi? Farko a rubuta wa mai shago takarda, da kwanan wata, a faɗi abin da aka kawo, da ranar da aka kawo, da wa'adin da aka ba shi, mako biyu misali, a riƙe kwafi. Wannan takarda ita ce shaidar ka nema an hana ka. Daga nan a je wa shugabannin kasuwa ko na masu wannan sana'a, domin sau da yawa mutum ya fi jin kunyar abokan sana'arsa fiye da sammaci. Duk abin da aka sasanta a kai a rubuta, kowa ya sa hannu. In sulhu ya ƙi, akwai hukumar FCCPC da hedikwatarta ke Abuja, tana karɓar ƙorafi ta intanet. Akwai kotun yanki, akwai kuma tsarin kotun ƙananan basussuka da Legas ta fara a 2018, Kano ta bi a 2019, Nasarawa ma ta shiga sahu, inda mutum ke iya tsayawa da kansa ba lauya. Wanda ba shi da hali ya nemi shawara a ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa da ke Lafia.

Game da 'yan sanda, ina so mu yi hattara. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Wanda ya sa aka kulle mai gyara domin a matsa masa ya biya, yana iya wayar gari shi ake nema da diyya. Amma idan akwai alamar sayar da kwamfutar ya yi, ko ya farke ta ya sa kayanta a ta wani, wannan cin amana ne, laifi ne a ƙarƙashin sashe na 311 da 312 na dokar Final Kod, nan kam aikin 'yan sanda ne.

Akwai maganar da nake yawan ji, wai mu baƙi ne a nan, kada mu ja rigima da kowa, gara a bar wa Allah. Jama'a, babu inda dokar kare masu saye ta ce a kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma kafin a saurare ka. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya ga dama, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko inda ya fito. Neman haƙƙi ta hanyar takarda da sulhu da kotu ba rigima ba ce. Rigima ita ce a tara matasa a je ƙofar shagon mutum ana hayaniya, sai maganar kwamfuta guda ta koma maganar ƙabila, mu kuwa da muke zaune lafiya da maƙwabtanmu mun san tsadar wannan. Haka kuma idan ɗanmu ne ya ɓatar da kayan wani, ƙungiya ba za ta tsaya masa ya ƙi biya ba don kawai namu ne.

Duk wannan bayani kuwa a kan abu guda ya rataya, wato ka iya tabbatar da cewa ka ba shi. Idan ya ce bai taɓa ganinka ba, ko ya ce wata ruɓaɓɓiya ka kawo, me za ka nuna? Mutanenmu na jin nauyin cewa a rubuta, musamman in mai gyaran ɗan'uwa ne ko abokin ɗansu, amma sabo da kaza ba ya hana yanka. Takardar ba ta wuce layi biyar ba: kwanan wata, sunan kwamfutar da lambar da ke manne a ƙarƙashinta, abin da ke damunta, abin da aka haɗa da ita kamar caja da jaka, kuɗin gyara da ranar karɓa, sai sa hannu da lambar waya. A ɗauki hoton kwamfutar da waya a kan teburin shagon. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya tafi da wanda zai zama shaida. A ajinmu na yaƙi da jahilci, darasin mako mai zuwa a kan rubuta irin wannan takarda zai kasance, maza bayan sallar Isha'i, mata kuma a lokacin da suka saba. Masu shago da ke son a buga musu samfurinta su ba da sunayensu a wurina bayan an tashi.